Daga Accra zuwa Kano a ƙananan jirage: me zan tarar a hanya?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin manya da waɗanda suka saba hanya. Ƙarshen Disamba za a ɗaura auren 'yar kawuna a Fagge, Kano, ni aka ce in wakilci gidanmu. Waɗanda suka san ni sun san ciwon son jirgi da ke damuna tun ina yaro, ina da littafi cike da lambobin jiragen da na gani suna sauka a Kotoka, filin jirgin Accra. Amma hawa, sau biyu kawai na taɓa yi, Kumasi da Tamale, ban taɓa ƙetare iyaka ta sama ba. Niyyata in tafi ta Abuja, in dawo ta Legas da Lome, don in hau jirage iri-iri gwargwadon abin da aljihuna zai iya. Me zan tarar? Me ya kamata in kiyaye?

Alhajin Aboabo:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya ba su zaman lafiya. Ɗana, yaushe ne ɗaurin auren, kuma yaushe kake son tashi?

Ɗan Nima:
Asabar ne Baba. Na so in tashi Juma'a da safe, in kwana Kano.

Alhajin Aboabo:
To ka soke wannan lissafin tun yanzu. Ƙarshen Disamba tsakiyar hunturu ne. Mu nan Kumasi ɗan hazon da muke gani muna kuka da shi, Kano kuwa akwai ranar da za ka tsaya a bakin titi ba ka hango mota sai ta kusa. Na taɓa wuni biyu a Abuja ina jiran ƙura ta lafa, ina zaune a kan jakata, ranar da na isa an riga an yi sadakar bakwai ɗin da na je dominta. Ba laifin kowa ba ne, matuƙi ba zai sauka inda ba ya gani ba. Ka tashi Laraba. In ka isa da wuri ka huta ka zaga dangi, ba ka yi asarar komai ba.

'Yar Sabon Zango:
Maganar Baba Alhaji gaskiya ce, kuma zan ƙara da abin da nake gani kullum a wurin aiki, don sayar da tikiti ne sana'ata. Ƙanina, tikitinka biyu ne, ba ɗaya ba. Accra zuwa Abuja kamfani ɗaya, Abuja zuwa Kano wani kamfanin daban. In na farko ya makara ka rasa na biyu, na biyun ba ruwansa, a wurinsu kai ne ba ka zo ba. Saboda haka kada ka bar awa biyu a tsakani ka ce ya isa. Za ka bi layin shige da fice, ka jira kayanka, ka wuce kwastan, ka fito ka shiga ɓangaren jiragen cikin gida, a sake auna kayan. Ka bar awa biyar, ko ka kwana Abuja in kana da inda za ka sauka.

Sannan agogo. Najeriya tana gabanmu da awa ɗaya. Lokacin da ke kan tikiti na garin da jirgin yake ne. Togo lokacinmu ɗaya da su. Mutane nawa suka kira ni suna kuka a kan wannan awa ɗayar.

Kuma kullum ka zaɓi jirgin safe. Ƙananan kamfanonin nan jirgi ɗaya ne ke zirga-zirga sau biyar ko shida a wuni, makarar da ya yi da hantsi tana bin sa har dare tana ƙaruwa.

Injiniya na Madina:
Sai dai a hunturu wani lokacin da safen ne hazon ya fi kauri, sai rana ta ɗaga ake gani. Duk da haka na safen ya fi, don in an ɗage shi akwai sauran wuni a gaba.

Bari in gaya maka jirgin da za ka hau, tunda abin da ya kawo ka ke nan. In tikitin kamfanin Africa World na Ghana ka saya, mafi yawan jiragensu Embraer ERJ-145 ne, ƙirar Brazil, kujera 50. Ka san shi daga waje, siriri mai inji biyu a gindin wutsiya. A ciki kujera ɗaya ce a hagu, biyu a dama. Ka nemi ta hagu, layin A: taga taka, hanya taka, ba wanda zai tashe ka. Dogo kamarka sai ya sunkuyar da kai in yana tafiya a ciki. Ma'ajiyar jaka ta saman kai gefe ɗaya ce kawai, ta dama, kuma ƙarama ce, don haka jakar hannu mai taya za a karɓe ta a gindin matakala a sa mata alama, a ba ka in kun sauka. Kafin ka miƙa, ka cire fasfo, kuɗi, magani, kamara da fawa bank. Batirin litiyam irin na fawa bank ba a yarda ya shiga cikin kaya a ƙasa ba, don in ya kama wuta a can ba mai ganinsa.

In kana son shiru ka zauna gaba. In kana son jin inji yana aiki, kamar yadda na san kana so, ka koma baya. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba, za a ba ka ɗan abin taɓawa da abin sha, ba talabijin, ba intanet. Ka sha kokonka da ƙosai a gida kafin ka fito.

Alhajin Aboabo:
Wannan dai na yarda da shi, jet ne. Abin da zan roƙe ka ɗana, duk inda suka ce maka jirgi mai farfela ne, ka haƙura ka jira wani. Wannan tsohon yayi ne. Mu da muka hau DC-10 na Ghana Airways mun san abin da ake kira jirgi.

Ɗan Nima:
Baba ai na Tamale da na hau mai farfela ne, na PassionAir, kuma wallahi ya fi mini daɗi.

Alhajin Aboabo:
Yaro man kaza. Daɗi daban, lafiya daban.

Injiniya na Madina:
Alhaji, ku yi mini afuwa, a nan ba zan bi bayanku ba, don shekara da shekaru hannuna na cikin waɗannan injunan. Farfelar da kuke gani ba injin mota ne ke juya ta ba. Injin iri ɗaya ne da na jet a ciki, yana zuƙar iska ya matse ta ya ƙona ta da mai, man ma iri ɗaya suke sha. Bambancin kawai shi ne ƙarfin ana mayar da shi ga juya farfela maimakon a fesa shi ta baya. Dash 8 Q400 mai farfela ƙirar Kanada ne, ya fara ɗaukar fasinja a 2000. ERJ-145 ɗin da kuka yarda da shi ya riga shi fitowa, tun 1995 ya yi tashin farko. ATR 72 kuwa, shi ma mai farfela, har yau ana ƙera sababbi fil a Tulus ta Faransa. To wanne ne tsohon yayi?

Dalilin da ya sa ake amfani da su: a gajeriyar tafiya kamar Accra zuwa Kumasi, jet bai gama hawa ba an ce ya fara sauka, ya sha mai a banza. Mai farfela ya fi tsimin mai, kuma yana iya sauka a gajeren titi. Q400 yana gudun sama da kilomita 650 a awa, a tafiyar minti 40 ba za ku ga bambanci ba.

Alhajin Aboabo:
Injiniya, karatunka na ji. Amma jikina ba ya ƙarya. Ranar da muka taso daga Accra da yamma a watan Afrilu, jirgin nan ya yi ta wurgi da mu kamar trotro, motar haya, a hanyar da ba kwalta, wata mata kusa da ni tana salati tana kuka. Ban taɓa ganin haka a babban jirgi ba.

Injiniya na Madina:
Wannan kuna da gaskiya, ba zan musa ba. Mai farfela ba ya wuce ƙafa 25,000 yawanci, ERJ kuwa yana kai 37,000. Wanda ke ƙasa ya fi daɗewa cikin gajimare, kuma ƙaramin jirgi ya fi jin iska. Ga shi kun tashi da yamma a farkon damina, lokacin da hadari ke tasowa daga gabas. Amma gargada ba alamar jirgi zai faɗi ba ce. Abin da ke ji wa mutane ciwo a irin wannan lokacin shi ne rashin ɗaura bel. Wanda ya ɗaura, tsoro kawai zai ji.

Alhajin Aboabo:
Tsoron ma ai ciwo ne ga mai hawan jini. Ni dai na bar muku shi.

Mai Kamara (Asawase):
Baba Alhaji Allah ya ƙara lafiya. Amma ga mai son kallo ba kamar mai farfela. Fiffikensa a saman jiki yake, ba abin da ke tare maka ƙasa. In ka zauna daidai inji a Q400 za ka ga taya tana naɗewa tana shigewa cikin gidan injin, in za a sauka ka ga ta fito ta taɓa ƙasa da hayaƙi. Ranar da sama ta yi garau, muna gab da Kumasi, na ga tafkin Bosumtwi a zagaye kamar an ɗora faranti a cikin daji. Ƙara dai akwai ta kusa da farfelar, wanda ba ya so ya koma baya. In ka ci sa'a ka samu ATR a Najeriya, kada ka yi mamaki in an kai ku ƙofar baya, ta nan ake shiga, gaban na kaya ne.

Hajiya Mai Atamfa:
Ku kuna ta zancen taga da fiffike, ba wanda ya gaya wa yaron nan maganar kaya, alhali biki zai je. Na san halin mutanen Nima, kowa zai kawo saƙo. Ɗana, saurara.

Na farko, kilo ɗin da aka yarda maka daga Accra zuwa Abuja ba lallai ya zama shi ne na Abuja zuwa Kano ba. Na cikin gida yakan fi ƙanƙanta. Ka duba tikitin biyu ka yi lissafi da ƙaramin, in ba haka ba za ka biya kuɗin ƙari da naira a tsaye, ana jiranka a layi.

Na biyu, shito, yajin nan namu da ake soyawa da mai. Kada ka sa shi a jakar hannu, duk abu mai ruwa ko mai maiƙo da ya wuce mililita 100 za su karɓe. Ka sa a babbar jaka, ka naɗe murfin da salatif, leda uku. Na taɓa buɗe jaka na tarar da leshin amarya ya sha mai.

Na uku, shi ne mai zafin. Wata tafiya da na yi da wani kamfani da ba zan faɗi sunansa ba, mun sauka lafiya, muka tsaya a wurin kaya har bel ya daina juyawa, mu kusan goma ba jakarmu. Ashe tun a can aka bar su da gangan, ba wanda ya gaya mana. Kwana uku ina sa kaya ɗaya a garin mutane. Tun daga ranar, kayan da zan sa ranar taro suna jakar hannuna. Kai ma babbar rigarka da hularka su bi ka ciki.

Injiniya na Madina:
Hajiya, rashin gaya muku ɗin shi ne laifin, kuma babba ne. Barin kayan kuwa yana da dalili. Kowane jirgi yana da nauyin da ba zai wuce ba. In rana ta yi zafi iska takan yi sako-sako, inji da fiffike ba sa samun abin kamawa sosai, sai nauyin da aka yarda ya ragu. In kuma ana tsoron hazo a inda za a je, dole matuƙi ya ƙara mai don ya iya jira a sama ko ya juya wani gari. Man nan nauyi ne. A jirgi mai kujera 50, da a sauke mutum gara a sauke jaka. Haka ma in ma'aikaciya ta ce ka tashi daga kujerarka ka koma gaba ko baya, ba raini ba ne, daidaita nauyi ake yi. Ɗan Nima, ko da layin A ɗinka ne, ka tashi ba gardama.

'Yar Sabon Zango:
In hakan ta faru kada ka fita daga filin jirgi sai ka cike takardar ɓatan kaya an ba ka lamba. Ƙaramar takardar da suke mannawa a bayan tikiti ita ce shaidarka, ka ɗauke ta hoto. A tafiyar ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ce in kwana 21 suka wuce kaya ba su zo ba, kana da haƙƙin neman diyya kamar sun ɓata. In jaka ta zo a fashe, kwana 7 gare ka ka kai ƙara a rubuce. Mutanenmu sai su ce "Allah ya isa" su tafi gida, shi ya sa ba a ɗaukarmu da muhimmanci.

Ɗan Nima:
Na gode Mama, na gode Yaya. To maganar hoto fa? Don gaskiya rabin tafiyar saboda shi ne. Na ji an ce da tsakar rana jiragen ASKY, kamfanin da ke da mazauni a Togo, suna taruwa a Lome gaba ɗaya.

Mai Kamara (Asawase):
Haka ne, kuma abin kallo ne. Tsarinsu ke nan: su kwaso mutane daga garuruwa da safe, su haɗu a Lome, a yi musayar fasinja, su watse. Boeing 737 ne jere. Ka lura da lambobinsu, da yawa ET za ka gani, ta Habasha, ba 5V ta Togo ba, saboda Ethiopian Airlines ce abokiyar tafiyarsu tun da suka fara a 2010. Ka riga ka san 9G tamu ce. A Najeriya 5N za ka cika littafinka da ita, TU ta Kodebuwa, 5U Nijar, XT Burkina. A Legas ka buɗe ido don Embraer E195-E2 na Air Peace da Airbus A220 na Ibom Air. Wani lokacin kuma za ka sayi tikitin kamfani ka ga farin jirgi ba suna, ma'aikatan Turawa. Hayarsa aka yi da mutanensa. Ga mai tara lamba wannan riba ce.

Hoto kuwa, ni ina ɗauka ta tagar ɗakin jira da waya, ban taɓa samun matsala ba. Kai ma ka ɗauka, kuɗinka ka biya.

Malamin Mamobi:
A nan zan tsaya maka, ɗan'uwa. "Ban taɓa samun matsala ba" ba hujja ba ce da za a ba yaron da zai fita ƙasar waje karon farko. A Nuwamban 2001 an kama Turawan Ingila 12 da 'yan Holan 2 a Kalamata ta ƙasar Girka, masu irin wannan sha'awar taku, aka tuhume su da leƙen asiri. Littafin lambobi irin na Ɗan Nima yana cikin abin da aka riƙe a kansu. Sun kwana a kurkuku, aka yanke musu hukunci, sai a ɗaukaka ƙara aka wanke su bayan shekara guda. Waɗannan suna da jakada da 'yan jarida a bayansu. Kai ɗan Zango mai fasfon Ghana, kana Hausa, kana rubuta lambobin jirage a filin da sojoji ke gefe, a wannan zamanin da ake ciki, wa zai tsaya ya saurari bayaninka?

Filayen yankinmu da yawa titi ɗaya suke amfani da shi da sojan sama. Accra ma haka ne. Yamai haka ne, sansanin sojan sama yana manne da filin Diori Hamani.

Mai Kamara (Asawase):
Malam, in muka bi wannan ai ba wanda zai taɓa ɗaukar hoto. Duk hotunan jiragen Afirka da ke intanet baƙi ne ke zuwa su ɗauka, mu 'yan gida muna tsoro. Yaushe za mu ajiye tarihin kanmu? Ina ma wani ya ɗauki jiragen Ghana Airways da yawa kafin a rufe shi a 2005, yau da muna da abin nuna wa yara.

Malamin Mamobi:
Wannan magana ta shige ni, kuma ban ce a daina ba. Cewa na yi a san inda ake. A gida kana da wanda zai zo ya karɓe ka. A garin mutane ba ka da shi.

Injiniya na Madina:
Ku bari in raba ku, don na yi aiki a filin kuma na ga yadda ake kama mutane. Abin da ke jawo fitina uku ne: doguwar kamara mai zuƙo nesa, tsayawa a filin ajiye jirage bayan an ce a wuce, da juya kamara wajen jirgin soja, shingen bincike ko mai kaki. Ɗan Nima, in bas ta sauke ku a gindin jirgi, ka tambayi ma'aikacin da ke wurin, "zan iya ɗauka?" In ya ce a'a, ka mayar aljihu, kada ka ɗauka a ɓoye. In kana cikin jirgi a kujerarka, ɗauki fiffike da gajimare yadda kake so, ban da fuskar ma'aikata sai da izninsu. Littafinka ya zauna a jaka, ka riƙe lambar a ka ko ka duba ta a manhajar bin jirage ta Flightradar24, ka rubuta in ka isa masauki.

Ɗakin matuƙa kuma, tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 a kulle yake in ana tafiya, kada ma ka tambaya. Amma in an sauka, ka bari kowa ya fita, ka gaya wa ma'aikaciya cikin ladabi cewa kai mai son jirage ne. A ƙananan jiragen nan an fi samun dacewa, matuƙan da yawa suna jin daɗin wanda ya san sunan jirginsu. In suna sauri za su ce ka yi haƙuri, shi ke nan.

Mai Kamara (Asawase):
Na karɓi wannan. Amma tagar ɗakin jira a Lome dai ina nan a kan bakana.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni tambayata, wa zai biya duk wannan yawon? Legas zuwa Lome zuwa Accra? Ɗana, daga Lome zuwa Accra in ka hau mota a Aflao, bakin iyaka, awa uku zuwa huɗu ka iso. Kuɗin da za ka ƙara don ka bi ta Lome ya isa ka yi wa amarya gudummawa mai kyau. Araha ba ta ado, na sani, amma wannan tsadar ma ba ta ado.

Malamin Mamobi:
Hajiya kin taɓo inda ke mini ciwo. Accra da Legas kilomita 400 ne da 'yan kai, tafiyar awa ɗaya, amma kuɗin sai ka riƙe baki. Ku buɗe tikitinku ku karanta ƙananan layukan da ke ƙasa, za ku ga kaso mai yawa ba na kamfanin ba ne, haraji ne da kuɗin fili da kuɗin tsaro na ƙasashen biyu. Ga mai da kayan gyara duk da dala ake saye, kamfani kuwa sidi da naira yake karɓa.

Kuma kowace ƙasa tana tsare sararinta kamar gonar gado. Tun 1999 aka yi Matsayar Yamusukuro cewa a buɗe wa kamfanonin Afirka hanya. A Janairun 2018 aka sake ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Addis Ababa. Air Afrique da ta haɗa ƙasashe rainon Faransa ta mutu a 2002, Nigeria Airways ta bi ta a 2003, tamu ta bi su. Ramin da suka bari shi ASKY da Air Côte d'Ivoire suke cikewa, shi ya sa komai sai ka yada zango a Lome ko Abidjan. Shugabannin ECOWAS sun amince a Disambar 2024 cewa daga Janairun 2026 za a soke wasu haraji a rage kashi 25 cikin 100 na kuɗin fasinja da na tsaro. Ni a kan tikiti nake son in gan shi, ba a takardar taro ba.

Abin da ya fi ba ni takaici: kakanninmu sun yi fataucin goro tsakanin Kano da Salaga da jakuna, wata da watanni a hanya, ba su fasa ba. Jirgi ya fara sauka a Kano tun 1925, na sojan Ingila guda uku daga Masar. Yau jikansu zai je Kano daga Accra sai ya sayi tikiti biyu ya kwana a hanya.

Ɗan Nima:
Mama, na ji maganarki kuma ba zan ƙi ta ba. Shekara biyu nake tara kuɗin nan, gudummawar amarya na ware ta daban tun tuni. Wani yana tara kuɗi ya sayi waya, ni wannan ne abin da raina ke so. Amma zan sake lissafi a kan Lome.

'Yar Sabon Zango:
In ka fasa Lome, ga wata dabara don wani lokaci. Emirates tana zuwa Accra daga Dubai ta wuce Abidjan da Boeing 777, kuma ana sayar da wannan guntun. Ka hau ƙaton jirgi na tafiyar awa ɗaya, ka dawo da Air Côte d'Ivoire. Ba biza, ba hazo irin na arewa.

Amma dawowarka ta Legas, ka shirya. Ba kamar Abuja ba ce. Jirgin Kano zai sauke ka a ɓangaren cikin gida, na Accra kuwa yana tashi daga ɓangaren ƙasa da ƙasa na Murtala Muhammed, sai ka fita ka hau mota a titin gari, kuma cunkoson Legas ba ya sanarwa. Ka riƙe naira a hannu. Ka yi ciniki kafin ka shiga mota, ko ka kira ta manhaja. Duk wanda ya zo zai karɓi jakarka ko fasfonka don ya "taimaka", ka ce na gode ka riƙe abinka.

Takardu: fasfo, ba ka bukatar biza tunda ECOWAS ce, kwana 90 aka yarda. Katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, dole ne, za a iya tambayarka a can kuma a nan in ka dawo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, amma in ba ka taɓa yi ba sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Kada ka bari sai satin tafiya. Ka rubuta adireshin kawunka da lambarsa a takarda, za a tambaye ka inda za ka sauka.

Ɗan Nima:
Katin yana nan tun na makaranta, zan nemo shi yau. Ga abin da na tsayar: Talata da safe Accra zuwa Abuja, layin A. In kwana wurin abokin yayana, Laraba in wuce Kano. Dawowa ta Legas kai tsaye zuwa Accra, Lome sai bayan salla in Allah ya kai mu, in je ta mota in dawo ta sama. Injiniya, daga Legas zuwa Accra wane gefe zan zauna in ga bakin teku?

Injiniya na Madina:
Dama, in hanyar ta bi ta kan ruwa. Ka sa ido bayan kun wuce Lome, za ka ga tafkin Keta, sannan inda kogin Volta ke shiga teku a Ada. A hunturu dai kada ka sa rai da yawa, wani lokacin fari fat za ka gani har ku sauka.

Alhajin Aboabo:
Talata ta fi Larabar da na ce ma. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. In ka shiga Kano ka je kasuwar Kurmi, daga nan kakana ya taso da ayari bai sake komawa ba, a Salaga aka binne shi. Can ba soja, ka ɗauko mini hoton ƙofar kasuwar da kyau. Kuma ka biyo ta Kumasi kafin ka tafi ko ka turo yaro tasha, akwai goro ƙwarya biyu da zan ba ka ka kai wa kawun naka.

Hajiya Mai Atamfa:
Alhaji, goron kilo nawa ne? A auna shi tukuna kafin yaron nan ya ce to.